Kowa Na Tari, Ba Mai Lissafi

Mu dai mutanen Boɗinga da Shagari, da hunturu ya kama, gaisuwarmu ma sai ta sake. Kafin a kai ga tambayar iyali sai ka ji an ce, "Ina sanyi? Ina ƙura?" Amsar kuwa ko yaro ya haddace ta: "Lokacinta ne." Mutum na yi maka magana murya a shaƙe, ido ja wur, leɓe a tsage, diddige ta yi faso har tana kama zaren bargo, amma ka ce masa "Lafiya kuwa?" sai ya ce lafiya lau, ɗan tari ne. Tun daga Nuwamba har Maris haka muke. A sallar asuba liman na karatu, mamu na raka shi da tari daga sahun farko har na ƙarshe, kuma ba wanda zai waiwaya bayan sallama ya ce wane ka je asibiti.

Shiri kuwa ba a koya mana shi. Mata su sauko da man kaɗanya da man shanu, a mulke yara har su riƙa ƙyalli. Dattawa su ja amawali su rufe hanci. 'Yan kabu-kabu su ɗaure fuska da ƙyalle, saurayin da ko aure bai yi ba ya dawo daga Sifawa gira da gashin ido fari fat. Mai shayi ya ƙara citta da kanumfari da masoro, bai ƙara kuɗi ba, sai dai ya rage madara. In mura ta matsa, a tafasa ganyen dogon yaro a lulluɓa da zane a yi sirace. In yaro ya yi haɓo, a jiƙa masa kai a ce ya zauna inuwa. In abin ya ƙi, a aika kemis.

Har ba'a muke yi da ƙurar. Tunda iskar daga arewa maso gabas take busowa, mutanen Shagari kan ce sai ta sauke rabin kayanta a Boɗinga kafin ta ƙaraso musu. Na Boɗinga su ce to ai sai ku riƙa aiko da tukwici, tunda mu muke tare muku. Na Shagari su ce garin da ya fitar da shugaban ƙasa, ko ƙura da sallama take shigarsa. A yi dariya, dariyar ta ƙare da tari, a watse.

Amma akwai tambayar da ko kwana aka yi ana musu a majalisa ba mai amsa ta: mutum nawa ƙurar nan take kwantarwa a shekara, kuma nawa take kaiwa kushewa? Kada ku ce rashin bokonmu ne. Manyan likitocin birni da masanan Turai da Amurka su ma tambayar na sa su susar ƙeya. In kuma aka bi diddigi, wani kaso mai tsoka na wahalar da suke sha mu muke ba su, ba da mugunta ba, da halinmu kawai.

Ku duba yadda muke yi da ɗaliban jami'a da kan zo daga Sakkwato da takardun tambayoyi. A shimfiɗa musu tabarma, a kawo ruwa, yaro ya gyara zama ya ce, "Baba, cikin wata ukun nan ka yi fama da ciwon ƙirji ko tari?"

"A'a ɗana, lahiyata lau, alhamdu lillahi."

Bai rufe baki ba tari ya sarƙe shi, har sai ya dafa bango.

"To wannan fa, Baba?"

"Wanga? Wanga ai ba ciwo ba ne. Hunturu ne."

Yaro ya dubi takarda, gidaje biyu ne kawai a cikinta, na "e" da na "a'a", babu na "hunturu ne". Ya yi maki a "a'a" ya wuce gida na gaba. Can kuma maigida ne zai amsa da yawun kowa, alhali shi tun safe yana kasuwa. Wadda ta san wane yaro ne bai yi barci ba jiya, wane ne numfashinsa ke fita da ƙara, tana cikin gida ba a tambaye ta ba. Ko an tambaye ta ma, ɗan fari ba a kama sunansa, kuma ba kowace uwa ce ke son a zauna ana ƙirga mata 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya a gaban baƙo ba. Haka takarda za ta koma jami'a tana shaida cewa unguwar nan kowa garau yake.

Ita kanta ƙurar, da yawanmu muna zaton daga bayan gari take tasowa. Wadda ke dushe rana ta yi kwana da kwanaki, wato hazo, baƙuwa ce daga nesa. Akwai wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe. Ƙasarsa fara ce mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka mutu tun tafkin na da rai. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi, har masana na lissafa wurin a matsayin wanda ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Tsakaninmu da shi ya fi kilomita 1,000, amma cikin 'yan kwanaki kayan sun sauka kan tabarmarmu, saura kuma su tsallake teku har dazukan Amazon na Kudancin Amurka. Da aka ba wani dattijo wannan labari, cewa ya yi, "Ashe ƙasar Chadi mu ka sha kowace shekara, ko kwastan ba su tare ta."

Akwai ta biyu, mai zuwa gaban ruwan farko wajen Mayu da Yuni. Gabas ta yi ja, ƙasa ta miƙe tsaye ta nufo gari, mata na kwashe shanya, yara na koro awaki, kafin ka ƙulle taga rana ta koma dare. Irinta ce ta rufe Yamai ranar 4 ga Mayun 2020, hotunan suka zaga duniya a waya. Ba ta daɗewa, amma abin da mutum zai shaƙa cikin rabin awarta ba kaɗan ba ne. Ga kuma ta uku, tamu ta gida: ta hanyar burji, ta ranar kasuwa, ta garken shanu, ta gonar da aka kwashe karanta tas. Mai bincike dole ya san wacce ya auna a cikinsu, don girman ƙwayarsu da abin da suka ɗauko ba ɗaya ba ne.

Wadda kake gani kana kakkaɓewa daga hula ita ce mai dama-dama, hanci da maƙogwaro na tare mafi yawanta. Masana sun fi damuwa da wadda suke kira PM10, da ƙanwarta PM2.5, wadda kaurin silin gashi ya ninka ta kusan sau 30. Ita ce ke zarcewa har can ƙasan huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsakaicin PM10 na yini guda bai kamata ya wuce maikurogiram 45 a kowace kubik mita ta iska ba, na PM2.5 kuwa 15. A yankin Sahel, ranar hazo mai kauri awon PM10 kan kai ɗaruruwa, wata rana ya haura 1,000. Amma a cikin wannan takardar dai hukumar ba ta yanka wa ƙurar hamada adadi nata na kanta ba. Ta ce hujjojin da ke hannu ba su isa ba, sai shawarwari ta bayar. Wato ita ma babbar hukumar, da aka zo kan ƙurarmu, jira take a kawo mata lissafi.

To da me za a auna? Ka tashi daga Dingyaɗi ka bi ta Sifawa, ka gangara Kajiji da Dandin Mahe, wa ya taɓa nuna maka na'urar awon ƙura a kan rufin makaranta ko sakatariya? Abin da aka daɗe ana dogaro da shi ido ne. Ma'aikatan hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da ke filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, suna rubuta nisan da ake iya hangowa: kilomita goma ne, ko ɗaya, ko ƙasa da haka. Awo ne mai amfani, amma don matuƙin jirgi ake yin sa, ba don huhun jariri ba. Tauraron ɗan'adam kuwa daga sama yake leƙowa, ya faɗi kaurin ƙurar a dunƙule tun daga ƙasa har sararin sama. Ba zai rantse maka a kan nawa ce a daidai hancin yarinya mai tallan fura ba, don wata ƙurar ta can sama take wucewa ba ta sauko ba. Tashoshin da suka daɗe suna awo a ƙasa 'yan kaɗan ne. A 2006 aka kafa uku a jere, Banizumbu a Nijar, Sinzana a Mali, da Mbur a Senegal. A Najeriya, sananniyar tashar da ke auna ƙura ta hasken rana tana Ilori. Daga Ilori zuwa Shagari kuwa, duk wanda ya taɓa bin motar albasa ya san tafiya ce.

A ce ma an auna ƙurar daidai. Abin da ya rage shi ne a jera awon gefe da gefe da adadin marasa lafiya, a ga ko ranakun da ta yi kauri an fi kwanciya, an fi mutuwa. Haka suke yi a Basalona da Roma in ƙurar Sahara ta tsallaka musu, don su kowace kwanciya da kowace mutuwa na rubuce da ranarta da dalilinta. Abin dariya abin haushi, binciken da aka yi kan illar ƙurar Sahara ga mutanen kudancin Turai ya fi wanda aka yi a kanmu yawa, alhali su ragowa ce ke isa gare su.

Mu kuwa ina littafin? Zangonmu na farko kemis ne. "Malam, haɗa mini na mura da tari, na ɗari biyar." Ya haɗa fari da ja da rawaya a leda, ka tafi. Akwai littafi a shagon, ba a ce babu ba, amma na bashi ne. In jiki ya ƙi daɗi aka kai ga ƙaramin asibiti, kalmar da muke shiga da ita ɗaya ce, zazzaɓi. A soki yatsa, in gwaji ya nuna cizon sauro shi kenan an sami mai laifi, ƙirjin da ke ƙugi kuma ya bi bayan fage. Sannan ranar da aka rubuta ita ce ranar da muka zo, ba ranar da ciwon ya fara ba. Mu kuma ba ranar da ciwo ya fara muke zuwa ba, sai ranar da aka sayar da akuya, ko ranar kasuwa da ake samun mota. Mai binciken da ke son ya gano ko hazon Talata ne ya kwantar da yaro, ya zo ya tarar an rubuta Litinin ta sama, yaya zai yi ya haɗa su?

In kuma rai ya yi halinsa, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, kuma haka addini ya koya mana, ba mai neman a canza. Sai dai a wurin zaman makoki in ka ce "Mi ya same shi?" amsar ba ta wuce biyu: "Kwana ya ƙare," ko "Gajeruwar rashin lahiya." Gaskiya ne kwana ya ƙare, amma ba a iya yin lissafi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2021 cewa a yankinta na Afirka kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista. Ko yawanmu na masu rai ma tsohon labari ne. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba Boɗinga mutum sama da 170,000, Shagari sama da 150,000. Jariran da aka ƙirga a lokacin wasu yanzu su ne ke goyo. Wanda bai san mu nawa ne ba, ta yaya zai ce kashi kaza cikin ɗari sun kamu?

Ga babbar sarƙaƙiyar kuma: ƙura ba ita kaɗai take zuwa ba. Watan da ta fi kauri shi ne watan da muke toshe kowace kafa ta ɗaki da tsumma, mu shigo da kaskon gawayi, mu kwana mu takwas a ɗakin mutum uku don jin ɗumi. Shi ne lokacin da yara ke kewaye wutar kara da asuba, wani ya jefa leda da tsohuwar taya don ta daɗe tana ci. Shi ne lokacin sussuka da shiƙa, mata su wuni cikin ƙaiƙayi. Inna kuwa rani da damina tana gaban murhu, goyo a bayanta, hayaƙin itace na shiga musu su biyu. Ga sanyin kansa da ke tayar wa masu asma da masu sikila ciwo, ga mura da ke yawo daga hanci zuwa hanci saboda cunkoso. In yaro ya kamu da ciwon haƙarƙari a watan Janairu, wa za a kama? Ka ce wa mai bincike ya ware rabon ƙura daga rabon hayaƙi da na sanyi, tamkar ka niƙa gero da dawa tare ne ka miƙa masa garin ka ce ya tsince maka geron.

Ciwon da aka fi bin sawunsa tare da ƙura shi ne sanƙarau, kuma mu ba baƙinsa ba ne. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana yankin da ciwon ya fi addaba, wanda yanzu ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, mu kuma muna tsakiyarsa. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya lagon nau'in A, sai nau'in C ya ɗago kai. Annobar da ta faro daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta shiga 2017 an lissafa mata mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, kuma Boɗinga na cikin ƙananan hukumomin Sakkwato da ta taɓa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar a haɗe.

Tsofaffinmu mata sun riga likitoci sanin jadawalinsa: yana shigowa da rani, ya tsananta in zafin bazara ya kama, ruwan farko na sauka ya naɗe tabarmarsa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne busasshiyar iska da ƙura na ƙuje fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar da mutum ke ɗauke da ita lami lafiya ta sami ƙofar shiga jini. A 2017 masu bincike na cibiyar CERMES da ke Yamai da na Jami'ar Liverpool sun fitar da aikin da ya haɗa bayanan Nijar na shekaru da gwaji a kan ɓeraye, suka nuna ƙura da tsananin zafi na ƙara haɗarin. Duk da haka ƙulli bai kwance ba. Ƙura na zuwa kowace shekara, annoba kuwa sai ta ga dama. Akwai sabon nau'in ƙwayar cuta, akwai waɗanda aka yi wa allura da waɗanda aka tsallake, akwai cunkoso. Kuma kafin a tabbatar sanƙarau ne sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin gwaji, mu kuwa da mun ji za a soki bayan yaro sai kawu ya ce a ba mu shi mu koma gida mu gwada na gargajiya.

Wasu masana na Jami'ar Stanford a Amurka da suka ga littattafanmu ba su da abin kamawa, sai suka zagaya ta bayan gida. Suka ɗauki bayanan haihuwa kusan miliyan ɗaya daga binciken gida-gida da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam na ƙurar Bodele. Dabararsu ita ce, yawan ƙurar da Bodele ke tayarwa a shekara ba ruwansa da talaucin gidanku ko irin murhun innarku, saboda haka in mutuwar jarirai na hawa da sauka tare da ita, da wuya a ɗora wa hayaƙi. A 2020 suka bayyana cewa ƙarin maikurogiram 10 na PM2.5 a matsakaicin shekara na tafiya da ƙarin kusan kashi 24 cikin 100 na mutuwar jarirai. Adadi ne mai sa mutum ya ajiye kofin shayi. Amma na nahiya ne a dunƙule. Ba zai gaya wa shugaban ƙaramar hukuma gado nawa zai tanada a watan Fabrairu ba.

Sai batun sauyin yanayi, wanda in aka taɓo shi majalisa ke rabewa biyu. Wani dattijo ya ce, "Hunturun da munka sani can da, sai a yi mako ba a ga rana ba. Na yanzu wasa ne." Wani ya ce, "Haba Alhaji, da can akwai itace. Yanzu iska tun daga Gidan Madi ba abin da ka tare ta." Abin mamaki, kowannensu na da ƙamshin gaskiya. Shekarun fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun tayar da ƙura ba kaɗan ba. A tsibirin Barbados, can ƙetaren Tekun Atlantika, inda ake auna ƙurar Afirka tun 1965, wadda ta isa a farkon shekarun 1980 ta ninka ta shekarun 1960 kusan sau huɗu. Da ruwa ya ɗan dawo daga shekarun 1990 sai ta ragu. Wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin farin nan bai yi ƙarya ba in ya ce da ta fi. Wanda kuma ke kallon gonakin bayan gari da aka sare itatuwansu aka kwashe karansu, shi ma abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Gaba fa? Nan ma masanan ba su haɗa baki ba. Lissafin wasu na nuna iskar da ke kwasar ƙurar Sahara za ta yi rauni, ƙurar ta ragu. Na wasu na nuna ƙasa za ta ƙara bushewa, ta ƙaru. Abin da aka fi samun natsuwa a kansa shi ne zafi na ƙaruwa, mu kuma a Maris da Afrilu dama awon ya saba haura 40. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma irinsu ne ke turo jar guguwar nan a gabansu. Ke nan ko hazon hunturu bai ƙaru ba, zafin da ke haɗuwa da shi ya ƙaru, jikin da ke karɓarsu kuma ɗaya ne. Kafin a ce yanayi ya sauya wa ciwo hali, ana buƙatar lissafin shekara 30 a jere, na ƙura da na marasa lafiya. Wanda bai rubuta na bara ba, da me zai gwada na baɗi?

Ba wai mu za mu toshe Bodele ba. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Sakkwato ke cikin jihohi 11 na Najeriya da ya shafa, ba zai hana hazo zuwa ba, don shi ta sama yake bi. Amma itace da kara na riƙe ƙasar gona, su rage ƙurar gida. Takunkumin da muka ajiye tun bayan korona ya fi ƙyallen da muke ɗaurawa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba sai an jira bincike kafin a fitar da shi ba. Hasashen ƙura kuma yanzu ana yin sa kwanaki kafin ta iso, NiMet na fitarwa, wata cibiya a Basalona ma na yi wa yankinmu. In ya shigo rediyo da Hausa, uwar mai asma ta san gobe ba ranar aika yaro kiwo ba ce.

Abin da ya fi ba ni kunya a madadinmu shi ne, mu fa jikokin marubuta ne. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har kan magani ya yi rubutu, ciki har da na ciwon ido. Alhaji Shehu Shagari malamin makaranta ne tun kafin siyasa. Ƙasar da tawada ta jiƙa haka, a ce an rasa mai rubuta yaro nawa suka kwana da shessheƙar ƙirji a makon hazo?

Ba sai da kwamfuta ba. Ungozoma ta san jaririn da bai kai suna ba. Liman da mai unguwa sun san kowace jana'iza da ranarta, abin da ya rage su ƙara layi ɗaya: tari ne, zazzaɓi ne, wuya ne ya sanƙare. Malamin asibiti ya riƙa tambayar ranar da ciwo ya fara, ba ranar da aka zo kaɗai ba. Jami'a ta riƙa turo ɗalibai mata su shiga cikin gida su zauna da Inna. Mu kuma in an ce "Baba kana tari?" mu ce e, sannan mu ce alhamdu lillahi, ai ɗaya ba ya kore ɗaya.

Da aka kawo wannan shawara a majalisa kowa ya ce ta yi, aka juya kan mai kemis, tunda shi ne ke ganin tarin gari kafin kowa. Ya gyara hula ya ce, "Ni na yarda. Duk wanda ya zo da tari zan rubuta, da ranarsa da unguwarsu. Amma ku sani littahin ɗaya ne gare ni. Duk ɗan jami'ar da ya zo duba lissahin ƙura, sai ya bi ta kan sunayen masu bashi."

Nan take rabin majalisa suka ce abin na buƙatar a sake nazari. Daga ƙarshe dai aka yi karo-karo, aka aiki yaro ya sayo masa littafi na biyu.